Shafi na Ashirin na Ɗan Dorina

Takarda ta farko ta fito daga injin fotokopi fara fat, in ban da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a gefenta. Raliya mai shagon ta juya ta gaba da baya, ta ƙara wa injin duhu, ta sake dannawa. Ta biyu ta fito ɗige-ɗigen sun ƙara baƙi, amma zane ko layi ɗaya bai fito ba.

"Madam, wagga takarda taki babu komi cikinta," in ji Raliya.

"Akwai," in ji Esta. "Duba da kyau. Ga mutum nan ya ɗaga kwale-kwale bisa kai."

Raliya ta kai ainihin takardar bakin ƙofa ta ƙanƙance ido. Da ƙyar ta hango wani shuɗi-shuɗi mai kama da hayaƙi. Mace ce mai kirki, don haka ta gwada injin kala, ta kuma ɗauki hoto da wayarta ta buɗe shi har ya cika fuskar wayar. Abin da ya fito dai tabon ruwa ne da fumfuna. 'Yan jami'a sun yi layi a bayan Esta riƙe da takardunsu, wani har ya fara tsaki. Esta ta tattara shafukanta ashirin ta fito.

Wata uku ke nan da rasuwar mijinta Filibus. Ɗan Dogondutsi ne, malamin zane a wata sakandare, amma abin da ya ɗauke masa rai shi ne bede, littattafan nan da ake ba da labari da zane, akwati bayan akwati. Shi da abokinsa Jibo suka ƙirƙiri wani jarumi mai suna Ɗan Dorina, matuƙin kwale-kwale mai ƙarfin dorina goma, wanda ke iya kwana uku a ƙarƙashin ruwa bai leƙo ba. Littafi bakwai suka fitar cikin shekara goma sha ɗaya. Filibus ke zanawa da fensir, Jibo ya bi sawunsa da baƙar tawada. Na takwas, wanda zai rufe labarin, a gadon asibiti Filibus ya ƙarasa shi, kwana biyu kafin ya cika. Ya ce mata, "Ki kai wa Jibo." Ta ce to.

Ba ta kai ba. A faɗi gaskiya, Esta ba ta taɓa ɗaukar bede a bakin komai ba. Shekara ashirin da biyu tana aikin jinya, tana ganin mutane na gaske da ciwo na gaske, in ta dawo gida a gajiye sai ta tarar da ƙato mai furfura ya sunkuya yana zana ƙarti masu tsalle sama. "Mutanenka masu kamfai bisa wando," haka take ce musu. Shi kuma sai ya yi dariya ya ce nasa jarumin bante yake ɗaurawa, ta zo ta gani. Ba ta zuwa, ga tukunya a wuta. Bayan an binne shi ta sa shafukan a ƙasan akwati, tana cewa sai ta samu natsuwa. Natsuwa ba ta zo ba, kogi ne ya zo.

Ranar da madatsar kogin ta ɓalle ruwa ya afka wa unguwarsu Lamorde a Yamai, ɗakinsu ya zauna ƙasa. Akwatin ya kwana biyu cikin ruwa kafin maƙwabta su ciro shi. Aka sauke su a wata makarantar firamare, iyali huɗu a aji ɗaya. To, kowa a bakin kogi ya san abin da ake yi da kayan da ruwa ya ci: a shanya. Katifa a rana, gero a rana, takardar haihuwa a rana. Esta ta jera shafukan mijinta a farfajiyar makaranta, ta danne kowanne da dutse, kwana uku cur, tana tsaye tana korar awaki, tana ganin ta yi abin kirki. A rana ta uku ta lura zanen ya koɗe. Hankalinta ya tashi, ta kwashe su da sauran danshinsu ta cusa a leda ta ƙulle bakin tam, wai kada iska ta ƙara shan su. Da ta buɗe bayan kwana biyu, fumfuna ta riga ta fara ci daga gefe.

Yanzu ga inji ma ya ce babu komai. Ba ta koma makarantar ba. Ta tsayar da taksi ta haye gada, ta sake wata motar zuwa Tondibiya da ke bakin kogi, inda ta ji Jibo ya koma gidan mahaifiyarsa. Duk tsawon hanya ledar na kan cinyarta, ta rungume ta da hannu biyu, tana jin tsamin fumfuna na fitowa daga ciki.

Ta same shi a ƙarƙashin rumfa yana rubuta allon wani shagon aski. Jibo Bazabarme ne, dogo siriri, Hausarsa ta kasuwa ce, yana jefa ta gutsure-gutsure. Ya ajiye buroshi ya miƙe.

"Madam Filibus! Fofo, fofo. Na ji labarin ruwa. Kala suru, sai haƙuri."

"Malam Jibo, na kawo maka saƙon Baban Yalwa," ta ce, don da sunan 'yarsu take kiran mijinta. "Amma na makara."

Ya wanke hannu, ya goge a riga, ya buɗe ledar. Ya ɗauki shafi na farko da kan yatsunsa, ya duba, ya ɗauki na biyu. Fuskarsa ta canja.

"Wa ya sa su a rana?"

"Ni."

"Kwana nawa?"

"Uku."

Jibo ya juya mata baya ya faɗi wata doguwar magana da Zabarmanci, wadda Esta ta gode wa Allah ba ta ji ba. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Wanga fensir mai shuɗi, da gangan muke aiki da shi. Inji ba ya ganin shi. In na bi da tawada, tawada kaɗai ke fita wurin bugu. Abu ne marar ƙarfi, Madam. Ruwa ya sha rabi, ke kin ba rana sauran. Wata uku ina jira! Kunya ta hana ni zuwa in tambayi mai takaba takarda."

Esta ba ta kare kanta ba. Ta durƙusa a kan yashi, macen da ke daka wa sababbin ma'aikata tsawa a asibiti, ta fashe da kuka. Ta ce abu ɗaya rak mutumin nan ya roƙe ta a duk zamansu, ta kasa. Ta ce in akwai abin yi a yi, in ma za a ce ta koma Lamorde a ƙafa ta dawo, za ta yi.

Jibo ya dube ta. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama. "Tashi. Bari rana ta sauka."

Suka zauna jira. Ya ɗauko busasshen buroshi mai laushi yana share fumfuna shafi bayan shafi, yana jera su a inuwa tsakanin tsofaffin jaridu. Da la'asar ta yi sanyi, rana ta karkata bisa kogi, ya ɗora shafi na farko a kan katako ya miƙa mata.

"Riƙe. Kwantar da shi, haske ya zo ta gefe. Ƙara kaɗan. Tsaya nan!"

Esta ta duba. Shuɗin ya tafi, amma takardar cike take da ƙananan kwarmi, kowanne da siririyar inuwarsa. Ga kwale-kwale, ga hannuwa biyu a ƙarƙashinsa, ga fuska.

"Mijinki hannun manomi gare shi," in ji Jibo. "Shina danna fensir kamar mai huɗa. Shekara goma sha ɗaya ina yi mashi faɗa, in ce zai fasa takarda. Yau ga shi."

Sai dai hasken ba ya daɗewa. Awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, shi ke nan, kuma damina ce, hadari na iya haɗuwa ya cinye ta. Fumfuna kuwa ba ta san hutu ba. A share ta yau, gobe ta dawo, kuma duk inda ta ci takarda ta yi laushi, sawun ya baje. Dole kuma sai da mai riƙewa, don hannun Jibo biyu na kan aiki. Esta ta nemi hutu a asibiti. Kullum kafin rana ta fito tana kan hanya, ta wuni a Tondibiya, ta koma ajinsu na iyali huɗu da ƙugu a sage.

Ta haka, ba don tana so ba, ta fara kallon aikin mijinta. Wanda ya riƙe katako awa guda bai motsa ba, dole idonsa ya sauka a kan abin da ke bisa. Jibo kuma bakinsa ba ya shiru in buroshi na hannunsa.

"Masu bede na Amirka, su suna cika mutum da damatsa har ya rasa wuya, su zuba inuwa baƙa ƙirin. Na ƙasar Beljik layi ɗaya tsaf, babu inuwa, kamar an wanke duniya an goge. Japanawa ido ne ƙato, da layukan gudu ko'ina. Filibus duk ya sha daga wurinsu. Amma duba hannun Ɗan Dorina. Kin ga kauri?"

"Siriri ne," in ji Esta.

"Siriri, jijiya zalla. Hannun mai tuƙi ne. Sati guda ya yi a nan bakin ruwa yana kallon Sarkawa masu kwale-kwale kafin ya zana. Duba diddige."

Ta duba. Jarumin yana tsalle daga kan gada, jama'a na ƙasa baki buɗe, amma diddigensa duk faso ne, irin wanda take shafa wa tsofaffi man kaɗanya a kai. Dariya ta kuɓuce mata, katakon ya girgiza, Jibo ya daka mata tsawa.

Ya nuna mata yadda inuwar mutanen Filibus ke taruwa a ƙarƙashin ƙafarsu, don ranar Yamai a tsakar ka take. Ya nuna mata ruwa: na Turawa mai sheƙi ne, na Filibus mai nauyi, layi uku a lanƙwashe sai ka ji laka a ciki. Ya nuna mata dalilin da ya sa akwatunan ke ƙanƙancewa in tsoro ya zo, su matse, su matse, sai ka juya shafi ka ga zane ɗaya ya cika shi baki da baki, ƙirjinka ya buɗe. Esta ta ji wannan a jikinta a shafi na tara, ba wanda ya gaya mata. Abin ya yi mata daɗi, ya kuma yi mata ciwo ƙwarai, don wanda ya kamata ta gaya wa ba ya nan.

Labarin ma ya kama ta. Wani dodon yashi ne ke shanye kogi daga ƙasa, kifi na mutuwa, kwale-kwale na kafewa. Ɗan Dorina ya nutse ya same shi. A bakin gaɓa 'yarsa na tsaye tana jira, kuma 'yar tana da goshin Yalwa, babu ko tantama.

Kwana biyu hadari ya hana su aiki. Esta ta zauna a rumfa tana kallon sama kamar za ta yage gajimaren da hannu. Tana addu'a da Hausa, Jibo na jan casbi a gefe, duk abu ɗaya suke roƙo. Da rana ta dawo, fumfuna ta cinye kusurwar shafi na goma sha ɗaya, tsuntsaye biyu da rabin itace sun tafi. Jibo ya bar wurin fari, ya ce ba zai sa abin da bai gani ba.

Daga shafi na goma sha biyu sawun ya fara raguwa. Jibo ya ɗauka ruwa ne, amma Esta ta gane.

"Ba ruwa ba ne," ta ce. "Nan ne aka fara yi mashi wankin ƙoda."

Tun daga nan ta riƙa karanta ciwon mijinta a takarda kamar yadda take karanta katin majinyaci. Na goma sha huɗu, makon da ƙafafunsa suka kumbura. Na goma sha shida ya ɗan yi zurfi, lokacin da Yalwa ta zo daga Maraɗi ya samu sauƙi na kwana huɗu har ya ci tuwo. Na goma sha bakwai layin na rawa. Jibo ya daina surutu. Yana kai hanci kusa da takarda, wani lokaci ya rufe ido ya bi sawun da kan ɗan yatsa kafin ya ɗora buroshi. Abin da a da yake gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin safiya da yamma.

Na goma sha tara kwana uku ya ci. Da aka gama, ga Ɗan Dorina can ƙasan kogi, yashi ya binne shi har wuya, hannunsa ɗaya a miƙe sama. A ƙaramin akwati na ƙarshe, yarinyar ta sa ƙafa ɗaya cikin ruwa.

"Saura ɗaya," in ji Jibo.

Da yamma Esta ta ɗora shafi na ashirin a katako. Shi ne ma wanda fumfuna ta fi ragawa, tsaf yake. Ta kwantar da shi yadda ta saba, don yanzu hannunta ya san kwanar ba sai an gaya mata ba. Babu abin da ya fito. Ta ƙara karkatawa. Ta juya shi ta ɗaya gefen. Jibo ya karɓa ya ɗaga shi saitin rana, ya juya bayansa, ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu, a hankali. Takardar sumul take.

"Babu ƙarfi a hannun," ya ce. "Shafa kawai ya yi."

"Sake dubawa, Malam Jibo."

"Na duba."

"Don Allah sake."

Ya sake, don kada ta ce bai yi ba. Sannan ya ajiye ya dube ta. "Madam, bai gaya mani ƙarshen ba. Ya ce sai na gani da idona. Amma ke kina wurin. A asibitinku ya zana, ko ba haka ba?"

"Ni na riƙe mashi katakon."

Jibo ya matso, fuskarsa ta yi haske. "To, alhamdu lillahi! Ba sai kin tuna duka ba. Akwati nawa ne? Ɗaya babba, ko ƙanana? Jarumin ya fito? Yarinyar ta shiga ruwa? Ki ba ni ko abu ɗaya, na san hannunsa, sauran ni zan gane."

Esta ta rufe ido ta koma ranar. Ta same ta duka, ba abin da ya ɓace. Laraba ce, gado na huɗu kusa da taga. Tansiyonsa, wato awon jininsa, ya sauka zuwa tara bisa shida. Fitsarin da ya yi tun safe bai kai rabin kofi ba. Farcensa ya yi fari, leɓensa ya bushe, akwai kumburi a bayan hannun da aka sa allura. Hannunta na hagu na riƙe da katakon, idonta na kan ƙarin ruwa tana ƙirga ɗigo, don ta ga kamar yana sauri. Sai ya ajiye fensir ya ce, "Maman Yalwa, na gama. Duba." Har ya karkato mata takardar. Ta ce, "Ina zuwa," ta miƙa hannu ta rage gudun ruwan. Da ta juyo barci ya ɗauke shi, sai ta kifa shafin a kan sauran ta sa a jaka.

Ta gaya wa Jibo duk wannan, har adadin ɗigon, muryarta ba ta ko rawa.

"Zanen fa?" ya tambaya a hankali.

"Ban duba ba."

Daga bakin kogi ana jin masu wanki na kiran juna su tashi. Jibo ya daɗe yana juya buroshi a hannunsa. Can ya ce zai iya ƙirƙirar wani ƙarshen, mai kyau, in ta yarda. Zai fito da jarumin, ya haɗa shi da 'yarsa, masu karatu ba za su gane ba. Shi kansa bai faɗe ta da ƙarfi ba, kuma bai dube ta ba lokacin da yake faɗa.

Esta kamar ba ta ji shi ba. Ta ɗauki katakon ta fita daga rumfa zuwa fili, inda sauran rana ke kan yashi. Ta durƙusa, ta kwantar da shafin, ta kai kumatunta har ya kusa taɓa takardar. Ta ɗaga gefen dama kaɗan, ta sauke, ta ɗaga na hagu.

"Madam, haske ya tafi," in ji Jibo daga bayanta.

"Na safe ya fi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Gobe zan zo da wuri."

Jibo ya juya. Ya koma ya toshe kwalbar tawada, ya bar ta tana juya takardar.